Wayar Hannu Da Tamaula Sun Haɗu A Suleja: Ina Ribar Samarinmu?

Duk wanda ya ratsa garin Suleja ran Asabar da yamma, ko a Madalla ne, ko Kwamba, ko Maje, ko cikin tsohon gari wajen Kurmin Sarki, lalle zai ga baƙin allo a jingine a ƙofar wata rumfar kwano, an rubuta masa sunayen kulob-kulob na Turai da alli, tare da lokacin da za a take wasa. Zai ji janareta yana ruri a bayan rumfar. In kuwa ya leƙa ciki, zai tarar da samari jere bisa benci, idonsu ɗaya a kan talabijin, ɗayan kuma a kan wayar da ke hannunsu. Ga wasa a gabansu, amma ba sa sakin wayar, domin a cikinta suke duba sakamakon sauran filaye, a cikinta kuma suke tsokanar abokan hamayya da ke Kano ko Legas ko Jidda.

A kowace irin wannan majalisa akwai mutum guda wanda ake juyawa wurinsa in waya ta ƙi. Shi ne gwanin manhaja na unguwa. Manhaja, kamar yadda masu karatu suka sani, ita ce jerin umarnin da aka rubuta wa na'ura don ta san abin da za ta yi. In babu ita, waya gilashi ce da roba kawai. Ba za mu kama sunan kowa ba, gama kowace unguwa tana da nata. A kansa ne muke so mu yi magana a wannan mako, da abin da yake samu, da abin da yake ɓacewa daga hannunsa bai sani ba.

Garin Da Ya Ba Da Sunansa

Kafin mu shiga rumfarsa, ya kamata mu tuna irin garin da yake zaune. Suleja ita ce Abuja ta asali. Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau wanda ya baro Zariya a zamanin jihadi, shi ya kafa ta cikin 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya cikin 1976, sai garin ya ba da sunansa da wani yanki na ƙasarsa, ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau, ya zama Suleja. Ran 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta tare a sabon birnin.

Tun daga wannan lokaci Suleja ta zama masaukin waɗanda kuɗin hayar Abuja ya fi ƙarfinsu. Ma'aikaci, da direba, da birkila, da ɗan kasuwa, su fita da asuba su wuce Dutsen Zuma, su bi ta Zuba, ba su dawo ba sai bayan Isha. Mutumin da yake rabin ransa a kan hanya kuwa, waya ce ofishinsa, ita ce bankinsa, ita ce kuma hanyar da yake jin lafiyar iyalinsa. Saboda haka ranar da ta lalace, ba ya iya jira har gobe. Wannan buƙata ita ta haifar da rumfunan gyaran waya da na caji da ake gani a bakin manyan tituna da kewayen Kasuwar IBB.

Yadda Waya Ta Zo

Yaran yanzu sun tashi sun tarar da waya kamar yadda suka tarar da ruwan randa, amma abin bai daɗe ba. Kafin 2001, layukan tarho da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, kuma akasarinsu a ofisoshin gwamnati da gidajen masu hali suke. A watan Janairu na 2001 ne hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne. A watan Agusta na wannan shekara Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin yakan kai N20,000 ko fiye, kira kuwa N50 ne minti guda, ko da gaisuwa kawai mutum ya yi ya kashe. Sai da Globacom ya shigo cikin 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sa'an nan talaka ya sami sa'ida. Zuwa ƙarshen 2023, layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 200.

Wayoyin ma sun yi ta sauya kama. An yi zamanin Nokia mai tocila, an yi na BlackBerry, sa'an nan wayar komai-da-ruwanka ta zo: iPhone cikin 2007, wayar Android ta farko kuma cikin 2008. Amma wadda ta kai wannan fasaha ga aljihun ɗan acaɓa da mai shayi ita ce ta kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai yin Tecno da Itel da Infinix. Masu kamfanin sun lura cewa mutumin Afirka yana riƙe layi biyu saboda sabis ba shi da tabbas, yana kuma buƙatar batir mai jimiri saboda wuta ba ta da tabbas, har wa yau yana son kyamarar da za ta fito da fuskar baƙin mutum sosai. Suka ƙera waya a kan haka, suka cinye kasuwa. Ba su kuma manta da abin da ke zuciyar mai sayen ba, domin cikin 2016 Tecno ya ƙulla yarjejeniyar talla da kulob ɗin Manchester City.

A Rumfar Gwanin Manhaja

Shi wannan gwani namu galibi bai yi karatun kwamfuta a jami'a ba. Wani ya zauna ƙarƙashin maigida ne shekara biyu ko uku, wani ya je ya ga yadda ake yi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, wani kuwa da kansa ya koya ta kallon bidiyo a YouTube cikin dare lokacin da data ta fi araha. Jarinsa tsohuwar kwamfutar cinya ce, da igiyoyi kala-kala, da haƙuri.

Da safe dattijo zai kawo waya ya manta lambar buɗewa. Bayansa wata baiwar Allah ta zo wayarta ta cika, tana tsoron kada hotunan bikin 'yarta su salwanta. Ga ɗan kasuwa manhajar bankinsa ta ƙi buɗuwa alhali mai kaya yana jira. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, irin waɗannan samari ne suka zaunar da jama'a suka koya musu tura kuɗi ta waya, har mai kayan miya ya san amfanin OPay da Moniepoint. Wannan hidima ce babba wadda ba a rubuta ta a littafin kowace ma'aikata ba.

Akwai kuma wani ilimi da ake samu a bakinsa. Tambaye shi dalilin da ya sa Hausawa da yawa suke rubuta "kwallon kafa" maimakon "ƙwallon ƙafa", zai gaya maka cewa laifin tsofaffin wayoyi ne. Ba su da haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Ko da an samu, saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160 ne in an tsaya ga haruffan Turanci, amma da zarar an sa mai lanƙwasa ɗaya sai ya koma 70, mutum ya biya kuɗin saƙo biyu ko uku a kan magana guda. Haka aka saba da barinsu, har baƙi ya zama baki, ƙasa ta zama kasa. Yanzu kuwa allon rubutu na Gboard yana da Hausa, amma mutane da yawa ba su san a wayarsu yake ba sai ya nuna musu.

Yadda Zukata Suka Koma Ingila

Da la'asar ta kawo jiki ran wasa, sai ya rufe kwamfuta ya sa rigar kulob ɗinsa. A nan ne ya kamata mu tambaya, yaya aka yi saurayin Suleja ya zama ɗan Arsenal ko Chelsea ko Manchester United, har ya ce "mun ci", alhali bai taɓa taka London ko Manchester ba?

Iyayensa a gindin akwatin rediyo suka yi nasu zamanin. Sun san Mighty Jets ta Jos wadda ta ci gasar ƙasa ta farko cikin 1972, da Raccah Rovers ta Kano wadda ta ci cikin 1978. Ba su manta da ran 22 ga Maris, 1980 ba, sa'ad da Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci uku da nema a Legas ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko. To, cikin 1992 aka kafa gasar Firimiya a Ingila, tauraron ɗan Adam kuma ya kawo ta har ƙofar gida ta tashoshin SuperSport, da hoto tangaran, da lokacin farawa wanda ba ya saɓawa.

Sai kuma 'ya'yanmu suka shiga ciki. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal cikin 1999, a watan Oktoba na wannan shekara kuma ya jefa wa Chelsea ƙwallo uku a gidanta bayan tana gaba da ci biyu, aka tashi uku da biyu. A wannan rana Allah kaɗai Ya san yawan 'yan Nijeriya da suka zama 'yan Arsenal, wasunsu har sun gadar wa 'ya'yansu. Mikel Obi ya shekara goma da ɗoriya a Chelsea daga 2006, ya ci Kofin Zakarun Turai da ita cikin 2012, shi ma ya jawo nasa jama'a. Ahmed Musa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa da rigar Kano Pillars cikin 2010, ya tafi Leicester cikin 2016. Sashen Hausa na BBC kuma ya ɗauki shekaru yana kawo sharhin wasannin Firimiya kai tsaye da harshenmu. Ta haka gasar wata ƙasa ta zama hirar teburin mai shayi.

Waya Ta Riga Hoto

Wani abin dariya yana faruwa wanda gwanin manhaja ne kaɗai ke iya bayyana shi. Mutum yana ɗakinsa yana kallon wasa a waya, ɗan wasa bai ma karɓi ƙwallo ba, sai ya ji gidan kallo na bayan layi ya ɓarke da ihu. Sai bayan rabin minti ya ga ƙwallon a raga. Dalili kuwa shi ne, hoton talabijin yana tashi ne zuwa tauraron da ke nisan kimanin kilomita 36,000 a sama ya sauko kan faranti, tafiyar da ba ta kai daƙiƙa guda ba, ko da yake shirya hoton yana ƙara 'yan daƙiƙoƙi. Na intanet kuwa sai an yayyanka shi gutsi-gutsi, waya ta tara 'yan gutsattsari a ajiye don kada hoto ya riƙa tsayawa, sa'an nan ta fara nunawa. Wannan ajiya ita ce jinkirin. Manhajar sakamako kuma, da yake 'yan kalmomi kawai take ɗauke da su, takan riga hoton isowa, shi ya sa wani lokaci za ka ga mutum ya yi tsalle shi kaɗai kafin kowa ya ga komai.

Har ila yau, tamaular kanta ta cika da na'ura. Cikin 2013 gasar Firimiya ta fara amfani da kyamarorin da ke tabbatar da ko ƙwallo ya haye layin raga, cikin 2019 kuma ta kawo alƙalancin bidiyo da ake kira VAR. Akwai kamfanoni irin su Opta waɗanda aikinsu shi ne ƙirga kowane bugu da kowace miƙa ƙwallo. Daga wannan ƙidaya ake gina wasan nan na Fantasy Premier League, inda mutum yake zaɓen 'yan wasa 15 da jarin wasa na fam miliyan 100, ya riƙa samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Masu yin sa a duniya sun haura miliyan goma, samarin Suleja kuma suna ciki. Saurayin da ya ce lissafi ya gagare shi a makaranta, ga shi yana auna alƙaluman 'yan wasa ɗari biyar kowane mako ba tare da an sa shi ba.

Inda Gizo Ke Saƙar

To, jama'a, duk wannan ba kyauta ba ne. Wasa guda a waya yakan ci gigabayit ɗaya ko biyu na data, gwargwadon kyan hoton, kuma a watan Janairu na 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Mai gidan kallo yana biyan kuɗin tauraro kowane wata, yana kuma sayen mai. Kafin a cire tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai N200 ba. A ƙarshen 2024 ta haye N1,000. Abin takaici, Jihar Neja ce ke da madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru masu ba ƙasa lantarki, amma har yanzu janareta ne sarkin gidan kallo. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Don gudun wannan tsada ne wasu ke saukar da manhajojin satar hoto daga kafofin da ba a san mai su ba. Irin waɗannan manhajoji sukan nemi iznin karanta saƙonni da lambobin da ke waya, mutum ya danna "na yarda" cikin gaggawa don kada wasa ya wuce shi. A cikin saƙonnin nan kuwa banki ke aiko da lambar sirri. Garin neman ƙiba a samo rama.

Babbar masifa kuma ita ce cacar ƙwallo. A da sai mutum ya taka zuwa shago, idon jama'a yana kansa. Yanzu shagon yana aljihunsa, dare da rana, ba wanda ya sani sai ranar da kuɗin adashi ko jarin maigida ya yi ɓatan dabo. Kamfanin caca ya riga ya tsara lissafinsa yadda duk wanda ya ci wasa, shi yana da rabo. Wanda ya fahimci yadda ake rubuta manhaja shi ya fi cancanta ya gane haka, ya kuma faɗakar da ƙannensa.

Lafiyar jiki ma abin dubawa ce. Ran 20 ga Afrilu, 2017, babbar wayar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo na kwano a Kalaba ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Ya kamata masu gidajen kallo na Suleja su ɗaga kai su dubi abin da ke saman rufinsu, su kuma tabbatar akwai ƙofar fita fiye da ɗaya.

Tamaular Gida Fa?

Tambayi saurayin da ya haddace 'yan benci na Liverpool ya lissafa maka 'yan wasan Niger Tornadoes biyar, ka ga yadda zai sosa ƙeya. Alhali kuwa kulob ɗin jiharsa ne, wanda ake yi wa laƙabi da Ikon Allah Boys, kuma Minna kimanin kilomita 100 ce daga Suleja. Wannan kulob ya ci Kofin Ƙalubale na ƙasa cikin 2000, ya sake kaiwa wasan ƙarshe cikin 2017 inda Akwa United ta doke shi a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ba za mu ɗora wa saurayin laifi duka ba. Mutum yana son abin da yake gani ne, kuma yake da labarinsa. Wasan Ingila yana zuwa masa da hoto, da tarihi, da ƙidaya. Gasar unguwanni da ake bugawa a filayen makarantu lokacin hutu kuwa, da an miƙa kofi an watse shi ke nan. Wanda ya ci ƙwallo nawa, wane yaro ne ya yi fice, duk sai abin da aka riƙe a ka. Yaron da ba a rubuta bajintarsa ba, da wuya mai neman 'yan wasa ya san da zamansa.

Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

A nan ne tarihin garin yake da abin koyarwa. A farkon shekarun 1950 wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a wannan gari, ya kawo na'urar juya yumɓu da murhun gashi mai tsananin zafi. Cikin 1954 wata mace daga Kwali, watau Ladi Kwali, ta shiga. Ta koyi aikin baƙon sarai, amma ba ta yar da nata ba: ta ci gaba da gina tulunan gargajiya da hannu, tana zana musu ƙadangare da kifi da kunama, sa'an nan ta gasa su a murhun zamani. Aka nuna kayanta a London, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ga hotonta kuma a bayan takardar N20. Kayan aiki na baƙo ne, amma zanen nata ne, shi ya sa duniya ta san ta.

Gwanin manhajar Suleja a yau wayarsa ta Sin ce, manhajarsa ta Amurka, kulob ɗinsa na Ingila, kuɗinsa kuma kullum can suke tafiya. Hausawa dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Tsakanin saukar da manhajar wani da rubuta tasa, taki guda ne ya rage masa, kuma ƙofa a buɗe take. Linux, wanda a kansa aka gina Android, wani ɗalibi ne ɗan shekara 21 a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta shi cikin 1991, kuma kowa yana da iznin karanta shi kyauta. Paystack, manhajar karɓar kuɗi da samari biyu 'yan Nijeriya suka kafa cikin 2015, an saye ta cikin 2020 a kan fiye da dala miliyan 200. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna tun 1983, ga kuma shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar cikin 2023.

Ba sai ya fara da babban abu ba. Ya fara da gasar unguwarsu: jadawalin wasanni, da sunayen masu cin ƙwallo, da teburin maki, cikin Hausa mai cikakkun haruffa, yadda kowa zai buɗe a wayarsa. Wanda ya iya wannan zai iya rubuta wa mai shago littafin bashi, ya rubuta wa makarantar Islamiyya rajistar ɗalibai. Muna kira ga ƙaramar hukuma, da masarauta, da attajiran garin, su duba yiwuwar samar da ɗaki guda mai wutar sola da kwamfutoci inda irin waɗannan samari za su riƙa haɗuwa suna koyar da juna. Su kuma iyaye, maimakon tsawa kullum a kan waya da ƙwallo, su zauna su tambayi yaron abin da ya iya yi da su.

Asabar mai zuwa za a sake rubuta baƙin allo, janareta zai sake ruri, wani zai yi murna wani ya kwana da haushi. Babu laifi a nishaɗi. Fatanmu dai shi ne wata rana a ɗaga waya a gidan kallo a duba sakamakon wasan Kwamba da Maje a cikin manhajar da ɗan Suleja ya rubuta. Allah Ya sa mu ga wannan rana, amin.